Ƙwanƙwasa Uku a Wutsiyar Jirgi

Har yau in ka shiga kasuwar maƙera ta Panteka ka tambayi wanda ya taɓa ƙera jirgin sama a garin nan, za a ce maka marigayi surukina ne. Na daina musu tun haƙorana suna cikakku. Amma tunda a aji biyu na sakandare na tsaya, ba a aji biyu na firamare ba, na iya riƙe biro, bari in rubuta yadda aka yi. Wanda ya ga dama ya yarda.

Surukina maƙerin akwatin ƙarfe ne, irin wanda ake kai amarya da shi a da. A rumfarsa na koyi aiki, a gidansa na Unguwar Dosa na ga 'yarsa ta fari, ya ba ni ita, kuma bai taɓa barin in manta cewa ya ba ni ba. Mutum ne ƙaƙƙarfa mai faɗin kafaɗa da tumbi, ni kuwa tun ina yaro in na juya gefe sai a ce na fita. Abin alfaharinsa a duniya kan ƙusa ne. In ya haɗa akwati sai ya jera ribit masu tudun kai, ya yi musu zanen tauraro ko na dagi a murfi, yana shafa su da tafin hannu yana cewa makaho ma ya san aikin wa ya taɓa. Ribit, ga wanda bai sani ba, ƙusa ce marar tsini: a zura ta a huda, a doki gindinta ya baje, ta riƙe falle biyu har abada.

A ƙarshen shekarun tamanin, zamanin soja, wani tsohon injiniyan sojan sama da ya yi ritaya ya zo rumfarmu neman masu hannu. Yallaɓai muke ce masa. Ya sayo jirgi daga ƙasar waje, ɗan ƙarami mai kujera biyu, amma a cikin akwatunan katako ya zo, falle-falle na alminiyam da buhunan ribit, sai an haɗa. Ya kafa rumfar kwano a bayan gidansa a Mando. Surukina ya karɓi aikin kafin mutumin ya rufe baki, ya nuna ni da haɓa ya ce, “Da wannan za mu zo.”

Ranar farko Yallaɓai ya ɓata wa surukin nawa rai. Ya ɗauko wani falle da ya riga ya haɗa, ya ce surukina ya rufe ido ya shafa. Ya shafa, ya ce babu komai a nan. Yallaɓai ya ce akwai ribit a jere daga wannan gefe zuwa wancan. A jikin jirgi, in ji shi, ba a son kan ƙusa ya yi tudu, don iska na tuntuɓe da shi. Sai an huda, an kankare gezar hudar, an sa wani matsi an lotsa bakinta ya yi ɗan kwarmi, sannan kan ribit ɗin, wanda shi ma a shafe yake, ya zauna a kwarmin daidai da fata. In ka ja farce a kai ya kama, ba ta yi ba.

Surukina ya daɗe yana kallon fallen. Ya ce, “Yallaɓai, ƙusar da ba a gani, wa zai san an yi aiki?”

“Ni zan sani, Alhaji, in ina sama.”

Aikin na mutum biyu ne, kuma nan masifata ta fara. Ɗaya yana waje da bindigar iska, wadda ake haɗawa da irin injin masu faci, ya ɗora bakinta a kan ribit. Ɗaya yana ciki da wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi, ya danna shi a gindin ribit ɗin. Na waje ya danna kunama, bindiga ta yi tarrr, gindin ya baje a jikin dunƙulen. Na waje ba ya ganin gindi, na ciki ba ya ganin kai, kuma ƙarar inji ba ta barin a ji magana. Don haka Yallaɓai ya koya mana ƙwanƙwasa. Na ciki zai duba da tocila, ya ƙwanƙwasa jikin jirgi. Ɗaya, ƙara kaɗan. Biyu, ta yi, wuce gaba. Uku, ka ɓata, sai an huje ta an sake.

Ba a yi shawarar wa zai shiga ciki ba. An dube ni, an dubi bakin wutsiyar jirgin, shi ke nan.

Wutsiyar nan kamar mazurari take, tana tsukewa tana tafiya, ga wasu zobba na alminiyam a ciki da sai ka ratsa ta tsakiyarsu. A kan wani siririn katako nake kwanciya rub da ciki don kada nauyina ya lotsa fatar. Kafin a sa ribit ana riƙe fallayen da wasu 'yan maƙale masu ruwan jan ƙarfe, daga waje jirgin ya zama kamar bushiya, daga ciki kuma tsininsu na jiran bayanka. In rana ta take, kwanon rumfa ya gasa alminiyam, alminiyam ya gasa ni. In bindiga ta tashi sai ka ce an kifa maka tukunya a ka ana dukanta da muciya. Kunnena na hagu tun lokacin ya yi ritaya, shi ba fansho.

Duk wannan zan iya jurewa. Abin da ban yi tunani ba shi ne, surukina bai iya bindigar ba. Mutumin da ya shekara arba'in yana dukan ƙarfe da guduma ya riga ya yarda cewa yawan duka shi ne ƙarfi. Yallaɓai ya ce a danna a saki, kamar ƙiftawar ido biyu. Shi sai ya danne kunama har gindin ribit ya baje kamar wainar da aka taka. Wani lokaci kuma ya karkata bindigar, gindin ya kwanta gefe, ko bakinta ya zame ya yi wa fatar jirgin shatar murmushi.

Na duba ta farko da tocila, na ga ta ɓaci. Na kwanta ina tunani. Mutumin nan ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Ban taɓa kallon ƙwayar idonsa ba. In ya ce yau Talata ce ranar Laraba, sai in ce haka ne, Baba. Yanzu an ba ni ƙarfe an ce in gaya masa ya ɓata aiki.

Ni ba waliyyi ba ne. Da ƙarya za ta yi aiki, da biyu zan riƙa ƙwanƙwasawa har jirgin ya ƙare. Amma kowace yamma Yallaɓai yana zura madubi a kan sanda da wani ɗan ma'auni, ya bi ribit ɗin ɗaya bayan ɗaya, wadda ba ta yi ba ya zagaye ta da jan biro, ya tambayi na ciki dalilin da ya sa ya wuce ta. Kuma mutum ne zai hau abin nan. Na ƙwanƙwasa uku.

Can na ji muryar surukina ta bakin wutsiya. “Nawa ka yi?”

“Uku, Baba.”

“Ko dai hannunka ne ya zame?”

“Allah ya ba ka haƙuri, Baba.”

Da mu kaɗai ne da abin ya tsaya nan. Amma labari ya bazu a Mando cewa ana ƙera jirgi a bayan wani gida. Tsofaffin sojoji marasa aikin yi suka kawo benci, mai shayi ya matso da teburinsa, mai rake ma ya samu wuri. Saboda su surukina ya fara zuwa aiki da babbar riga, yana naɗe hannuwanta a kafaɗa, yana harbi yana waiwayen benci. Ba a jima ba 'yan bencin suka gane ma'anar ƙwanƙwasar. Da bindiga ta yi shiru sai su kasa kunne, su riƙa ƙirgawa tare da ni da ƙarfi. “Ɗaya. Biyu.” In ta ukun ta zo sai dariya, wani tsohon saje mai giɓi ya ce, “Alhaji, surukinka ya sake kayar da kai jarrabawa.”

Na gwada dabaru. Na riƙa yin ta ukun a hankali, kamar mai sallama a ɗakin mara lafiya. Tsohon ya ce bai ji ba, biyu ya ji. Na gwada yin shiru gaba ɗaya in ta ɓaci, Yallaɓai ya leƙo ya ce ko na mutu ne. Na gwada haɗawa da ban haƙuri, in yi uku sannan in ɗaga murya in ce a gafarce ni, Baba. Wannan ya fi komai ba 'yan benci dariya, har suka fara amsawa da “Allah ya gafarta mana baki ɗaya.”

Wata ranar Asabar na koma gida na tarar matata na ɗaure kaya. Ta ce an aiko innarta ba ta da lafiya.

Na ce, “Jiya na gan ta a bakin titi tana cinikin kaji.”

“To, da daddare abin ya zo.” Ta ci gaba da ɗaurin. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Malam, ƙusar ce ta ba ka aurena?”

“Wace ƙusa?”

“Wadda kake ƙwanƙwasar Baba a kanta a gaban mutane. Bai ci tuwo ba shekaranjiya. Mutumin da tun ina yarinya ban taɓa ganin ya bar loma ba.”

Na ce aiki ne. Ta ce ita ma aiki za ta je yi, jinya. Ta kwashi yaran biyu ta tafi Unguwar Dosa.

Kwanaki suka wuce, sati ya shige sati. Gidan da babu mace ba sai na bayyana wa kowa ba. Na ci shayi da burodi har na fara mafarkin miyar kuka. Ɗakin ya fara wari irin nawa ni kaɗai. Na tura kawuna biko da goro. Surukina ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya sa aka kawo masa fura, ya ce ai babu wata matsala tsakaninsa da kowa, yarinyar nan jinyar uwarta take yi. Kawu ya ce yaushe ake sa ran sauƙi. Surukina ya ce ciwon irin na ciwon kai ne, ƙara ba ta yi masa daɗi, in an rage ƙwanƙwasa a garin wataƙila ta warware. Kawu ya dawo ya ce mini, “Kai ma ka riƙa yin biyu mana. Jirgin na ubanka ne?”

Kuma duk wannan lokacin kullum da safe muna haɗuwa a Mando. In durƙusa in gaishe shi, ya amsa da ƙyar, in kutsa cikin wutsiya, ya harba, in duba, in ƙwanƙwasa. Kowace uku da na yi, na san na ƙara wa matata kwana ne a gidansu. Akwai ranar da na yi biyu sau da yawa a jere, don Allah ya taimake shi hannunsa ya faɗa daidai, har na fara tunanin wace miya zan ce a yi mini. Sai wata mota ta tsaya da baƙi, ya waiwaya zai ɗaga musu hannu, bindiga ta zame.

A ƙarshe na samu Yallaɓai na gaya masa. Shi mutum ne da bariki ta cinye masa rabin al'ada, ya saurare ni yana goge tabarau, ya ce, “A jirgi babu suruki.” Na ce a gidana kuma babu mata. Ya kira tsohon a gabana ya tambaye shi me ya sa ribit ke yawan ɓaci. Surukina ya ce ai a bayyane take, hannun na ciki ke rawa, mutumin da iska ke iya ɗauka ina zai riƙe ƙarfe da kyau.

Yallaɓai ya ce, “To, ku yi musanya. Gobe kai ka shiga, Alhaji, shi ya harba.”

'Yan benci na ji, don haka tsohon bai samu hanyar ja da baya ba. Washegari ya tuɓe babbar riga ya rataya a fiffike, ya rage daga shi sai singileti da wando mai zariya, ya yi bisimilla ya kutsa. Jirgin gaba ɗaya ya yi ƙara kamar tsohon gado.

Na ɗora bindiga, na danna na saki. Na ja farce a kan ribit ɗin, ya wuce sumul kamar a kan madubi. Daga ciki aka yi uku, masu ƙarfi, har 'yan maƙalen suka girgiza. Na sa ta biyu, uku. Ta gaba ban ma kai ga danna kunama ba aka yi uku. Benci ya kusa kifewa. Yallaɓai ya zura madubinsa ya duba, ya ce duk lafiyarsu lau, kuma ba za a huje ribit mai kyau ba, don kowace hujewa faɗaɗa huda take yi. Ya ce ko Alhaji ba ya gani sosai a ciki ne, a fito da shi a mai da siririn, tunda layin da ya rage can cikin tsukakken wurin yake. Muryar tsohon ta fito kamar daga rijiya. “Inda ya shiga zan shiga.” Muka ji yana jan ciki yana ƙara nutsawa.

Ana haka aka ɗauke wuta, injin iska ya mutu. Yallaɓai ya ɗauki jarka ya tafi neman man janareta. Ladan ya kira azahar, 'yan benci suka watse, mai shayi ya rufe teburinsa da buhu. Na tsaya ina jiran tsohon ya fito mu tafi masallaci. Bai fito ba. Sai na ji ƙwanƙwasa ɗaya. Ban kula ba, don ɗaya na nufin ƙara kaɗan, kuma babu abin ƙarawa. Aka yi biyu. Aka yi uku. Sannan aka shiga yi babu ƙaƙƙautawa, irin wadda Yallaɓai bai koya mana ba.

Na zagaya na leƙa. Tafin ƙafafunsa kawai nake gani. Ya tura kafaɗunsa ta cikin zoben ƙarshe, tumbin ya ƙi bi, kafaɗun kuma sun ƙi dawowa.

Can ya ce, “Kai.”

“Na'am, Baba.”

“Akwai kowa a waje?”

“Babu kowa.”

Ya yi nishi. “Ja ni.”

Na kutsa har inda hannuna zai kai. Nan tarbiyya ta cuce mu duka. Ina ni ina kama ƙafar surukina, fata da fata? Sai na kama ƙafafun wandon, na naɗe su a hannu, na tokare gwiwa, na ja da iya ƙarfina. Ashe zariyar ta sarƙe a tsinin ɗaya daga cikin 'yan maƙalen. Na ji wani abu ya tsinke, na tafi da baya na faɗo ƙasa daga cikin jirgin, wandon surukina a hannuna, surukina yana inda yake.

Tsofaffin wancan zamanin ba su yarda da sa wani abu a ƙarƙashin wando ba. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Na koma ciki ido a rufe, na lalubi idon sawunsa na kama, tunda kunya ta riga ta gama abin da za ta yi. Na ce ya miƙe hannuwansa gaba, ya fitar da numfashi duka, ya karkata kafaɗar dama, yadda nake yi kullum. Ya bi maganata, karo na farko kuma na ƙarshe a rayuwarsa. Ya zamo kaɗan-kaɗan, singiletin ta naɗe har wuya. Da na ji ya kusa fita sai na diro na fuskanci bangon rumfa, na miƙa wandon ta bayana. Aka karɓa. Na tuna zariya ta tsinke, na laluba kan tebur na samu guntun wayar da Yallaɓai ke ɗaure notuna da ita, na miƙa ta bayan ita ma. Aka karɓa.

Na ji ya zauna a kan akwatin katako yana haki. Ni dai ina kallon bango.

Ya ce, “Ciki da zafi.”

“Da zafi, Baba.”

“Kullum haka yake?”

“Kullum.”

Ya zura babbar rigarsa, ya fita ta ƙofar baya, bai bi ta wajen masallacin ba. Da Yallaɓai ya dawo da mai na ce Alhaji bayansa ya riƙe, ya tafi gida. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya miƙo mini dunƙulen ƙarfen, ya ɗauki bindigar da kansa. Kwana ɗaya rak na yi a wajen jirgin nan, shi ma rabi.

Da na isa gida bayan la'asar na hango hayaƙi na tashi daga tsakar gidana. Yaran na wasa a zaure. Matata na tuƙa tuwo, fuskarta a ɗaure.

Na ce, “Jikin Inna ya yi sauƙi ke nan.”

“Me ka yi wa Baba?”

“Me ya ce na yi?”

“Bai ce komai ba. Ya shigo yana tafiya a hankali, hannunsa a ƙugu, ya ce in tattara in koma ɗakina kafin magariba. Shi ya tare mana tasi da kansa. Na ce ko zai ba ni saƙo gare ka, ya ce ba shi da saƙo, kuma in gaya maka kai ma ba ka da labari.”

Na ce haka ne, ba ni da shi.

Bai sake taka Mando ba. Daga ranar abin ya juye: in ya hango ni a layin Panteka shi ke sunkuyar da kai ya shige rumfar wani. In na je gaisuwar salla sai a ce yana barci. Amma bakinsa bai yi barci ba, duk wanda ya zo sayen akwati sai ya ji yadda ya ƙera jirgi da hannunsa, da yadda ya koya wa wani soja sirrin ƙusar da ba a gani. Jirgin ya tashi bayan 'yan shekaru, na gan shi daga ƙofar gidana ya yi wajen Rigachikun yana sheƙi, ba ko ɗigo ɗaya a jikinsa da zai nuna na taɓa kwanciya a ciki. Ranar da tsohon ya rasu, masu ta'aziyya suna cewa Allah ya jiƙan mai jirgi, ni ina cewa amin.

Matata tana nan, a ɗaki na kusa take ina rubutun nan. Har gobe in muka yi faɗa takan ce in gode wa Allah ubanta mutum ne mai tausayi, da ba don ya ga na rame ya ji tausayina ba, da har yanzu shayi da burodi nake ci. Ba ta karanta boko, kuma na gaya wa yaran duk wanda ya karanta mata wannan, shi zai riƙa dafa mini tuwo.